Ranar da Na Kama Ɓarawon Kekena a Gammo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na je gaida surukai a Gammo a kan kekena. Har yau in na tuna ina cikin sallah sai na ji kamar in sake alwala.

Bari in fara da keken. Babanmu ya saye shi tun zamanin ostariti, lokacin da ya sayar da babur ɗinsa saboda ya kasa ciyar da shi da mu gaba ɗaya. Ina aji ɗaya a sakandare ya bar mini. Da shi na gama sakandare, da shi na yi kwaleji, da shi na zaga Kano lungu-lungu. Fentinsa ya tafi tuntuni, sirdin na naɗe shi da roba, birkin baya kuwa tafin takalmina ne. Ƙararrawa ba ya buƙata, don in na taho duk layinmu sun san ni ne. Abokaina suna ce masa Gwangwani. Ni dai a idona babu kamarsa, kuma na tabbata duk wanda ya kalle shi sau biyu da wata manufa a ransa. (Ɗan birni ne ni. An taɓa sace mini takalmi a masallaci ƙafa ɗaya, ka ga ai dole in san duniya.) Shi ya sa nake yawo da sarƙa da ƙaton kwaɗo, wanda ya fi keken kansa tsada.

Da na samu koyarwa a Gwarzo, a saman mota na ɗora shi muka tafi tare. Can na haɗu da Rabi, tana zaune gidan goggonta. Magana ta yi nisa, aka ce in je in gaida mahaifinta, Malam Habu, a Gammo ta ƙasar Kabo, kafin manya su shigo ciki. Rabi ta ja mini kunne: "Ka nutsu don Allah. Gidanmu ba a son rawar kai." Na ce mata ni da nutsuwa ai tare aka haife mu.

Na isa gab da azahar, na sha farar shadda, gumi ya mayar da ita ruwan ƙasa. A ƙofar gidan akwai wani tsoho a gindin darbejiya yana tufkar igiya, riga duk faci, ba ko hula. Na yi masa gaisuwar tsaye, irin ta mai sauri. Shi kuwa ba ni yake kallo ba, keken yake kallo.

"Samari, wannan naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ya kwana biyu. Irin na da ne, mai ƙarfen kirki. Tayar bayan nan fa?"

Nan take na ji wani abu ya ɗarsu a raina. Me ya haɗa shi da tayata? Wa ya tambaye shi kirkin ƙarfe? Na ce a zuciyata, wannan tsohon ƙiyasta kuɗinsa yake yi. Na zaro sarƙa na zagaya ta cikin tayar baya sau biyu, na danna kwaɗo ƙas, ina kallonsa ido cikin ido don ya san na gane shi. Ya ci gaba da igiyarsa.

Aka shigar da ni zaure. Malam Habu mutum ne mai natsuwa, gaisuwarsa kaɗai ta kai kwatan awa. Ya gida, ya iyaye, ya hanya, ya mutanen Gwarzo, ya ɗalibai, ya zafi. Ina amsawa kaina a ƙasa, amma kunnena yana waje. Aka kawo fura mai sanyi, ban ji ɗanɗanonta ba. Malam yana tambayata inda na tsaya a karatun littattafai, sai na ji ƙaras-ƙaras daga waje. Wallahi ko a cikin kasuwa zan gane kukan kekena. Na ɗago zan miƙe, Malam ya ce, "Sha furarka mana." Na koma na zauna. Ya za ka yi? Ba ka tashi suruki yana magana. Ina zaune ina murmushin dole.

Allah ya taimake ni aka kira azahar. Muna fitowa na duba inda na ajiye shi: wayam. Gindin darbejiya ma wayam, sai igiya a kan tabarma. Na ɗaga ido, can ƙarshen layi na hango tsohon nan ya saɓa kekena a kafaɗa, sarƙar tana lilo, zai sha kwana.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ku tare shi!"

Ka tuna lokacin sallah ne, duk mazan garin suna kan hanyar masallaci da butoci a hannu. Na keta su a guje, shadda tana tashi, na cafki kariyar keken na riƙe gam. Kuma maimakon in yi shiru, sai na buɗe wa'azi. (Wannan wajen ne yake hana ni sukuni.) Na ce, "Baba, ba ka ji kunya ba? Da furfurarka? A ƙasar da ake shari'a, a ƙofar gidan malami, da rana tsaka? Wallahi sai gaban alƙali! Tun da na zo na ga take-takenka!"

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne babu wanda ya taya ni. A birni da tuni an taru da duwatsu. Nan kuwa kowa ya yi cirko-cirko, wani ma ya ajiye butarsa a hankali kamar kada ta yi ƙara. Tsohon ya sauke keken, ya murza kafaɗarsa, yana haki.

Sai ga Malam Habu ya iso, ya rusuna har ƙasa. Ya ce, "Yaya, lafiya?"

Yaya.

Baffa Ilu ke nan, wan Malam uwa ɗaya uba ɗaya, babban gidan, wanda shi ne zai ba da auren Rabi ko ya hana.

Ya nuna tayar baya da ɗan yatsa. Ta kwanta shame-shame, ga ƙaya a jiki. Ya ce, "Habu, yaron nan ya taka ƙaya bai sani ba. Na ga in an bar shi, sai dai ya tura shi har Gwarzo. Na ce bari in kai wa Sani mai faci kafin ya gama shan fura." Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa, ba tsawa, wanda da ma ya yi ya fi mini sauƙi. "Samari, mu nan baƙo in ya sauka, abin hawansa ya zama namu. In jaki ne a ba shi ruwa, in doki ne a zuba masa harawa. Naka iska yake nema. Da ba ka ɗaure shi ba da turawa zan yi, ba sai na ɗauka a kafaɗa ba."

Wani daga baya ya ce, "Baffa, da ma ka sace shi ka hutar da yaron nan, ai taimako ne." Aka fashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa ko gaban alƙalin aka je, sai ya tambaya ina abin da aka sata ɗin.

Na durƙusa a cikin rairayi ina "Baba ka yafe mini", ba takalmi, ba hula, don ita ma ta faɗi a hanya. A masallaci kuma sahu ya haɗa ni da shi kafaɗa da kafaɗa, ita dai kafaɗar da ta ɗauki kekena. Ban san me liman ya yi ba, na dai ga ana sallamewa.

Kafin in koma Gwarzo labari ya riga ni. Saƙon Rabi kalma huɗu ne: "Me ka yi wa Baffa?" To, biyar ne, amma ni a lokacin ko ƙirga ba na iyawa. Sati uku ba ta ɗaga wayata. Na rame. Na tura kawunnaina biyu da goro su ba da haƙuri, na zauna ina jiran a ce in nemi wata.

Da suka dawo, Kawu Sale ya zauna ya sha ruwa, ya ja mini rai son ransa, sannan ya faɗi abin da Baffa ya ce: "Yaron ba shi da hankali, wannan kam mun gani da idonmu. Amma wanda ya riƙe wannan tarkacen shekara da shekaru, har yake neman kai ni kotu a kansa, ba zai wulaƙanta abin da aka ba shi amana ba. A ba shi. Sai dai in zai zo gaisuwa ya riƙa zuwa a ƙasa, kafaɗata ba ta warke ba."

Abin da na koya dai shi ne, in ka je garin da ba ka san kowa ba, tsohon da ka gani a ƙofar gida da riga mai faci ka durƙusa ka gaishe shi da kyau, don akwai yiwuwar shi ne mai gidan. Kuma kafin ka yi ihun ɓarawo, ka tsaya ka kalli kayan naka da idon gaskiya tukuna.