Ɗingishin Kaka Gambo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sayar da ƙafar kakana ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Ni ɗan kama ne, wato sana'ata ba da dariya a kasuwa. Ubana masunci, kakannina masunta, ni kuwa ko kwalekwale na shiga sai cikina ya juya. Aka kai ni elemantare a Haɗejiya saboda an ce dole ƙauyenmu ya ba da yaro ɗaya, aka duba aka ga ni ne ba a asarar komai in na tafi. Na yi aji biyu na gudo. (Wannan rubutun da kuke gani shi ne iyakar ribar.) Ban iya ruwa ba, ban iya boko ba, sai baki.

Bakin kuwa ya ciyar da ni. A kasuwar Auyo da ƙauyukan bakin kogi, in na tsaya sai masu bandar kifi su bar kwandunansu. Na san wanda gorar kamun kifi ta kife da shi a ruwa a gaban surukinsa, na san wanda tsuntsaye suka cinye wa shinkafa yana barci a kan rumfar tsaro. Ba na kiran suna, gira kawai zan ɗaga kowa ya gane. Amma ka yi tafiyar yini ɗaya daga fadamarmu, duk wannan ya zama surutun banza.

Babban wasana shi ne Kaka Gambo, ƙanin kakana. Tsoho ne mai ɗingishi, in yana tafiya sai ya jefa ƙafar hagu gefe, kafaɗa ta nutse, sannan ya jawo sauran jikin kamar mai jan komar kifi. Lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Nguru aka ɗebe shi da tsaransa aikin tilas, ƙarfen dogo ya suɓuce wa mutum takwas ya sauka a ƙugunsa. A kan ƙyauren ƙofa aka dawo da shi gida.

In ya shigo kasuwa sai in bi bayansa ina kwaikwayon tafiyar. Ya bar ni in yi ta yi har mutane su taru. Sa'an nan in tsaya, in sa hannu a kunne, shi kuma ya juyo.

“Ka gama, Aji Biyu? Ni dai ƙarfen Nasara ne ya karya ni. Kai da aka tsamo ka a ruwa iya gwiwa kana kiran uwarka, me ya faɗo maka?”

Ko ya ce, “Jama'a, ga jikan masunta da ke taya kifi a kasuwa. Ku rage masa, maraya ne a sana'a.”

Nan ne dariyar take. Ni ake yi wa, ba shi ba. Wasan jika da kaka ne, kuma kullum shi ke kayar da ni, ya ƙare ya miƙo mini tarwaɗa ɗaya ya ce in je in koyi cire ƙaya.

Ana nan sai wani Malam Sule, Bakano, tafintan Baturen majigi, ya neme ni. Ya ce motar da ke yawo gari gari tana haska hoto tana son mai ba da dariya, wanda zai tara jama'a kafin a fara. Kano, Katsina, Zariya, har Jos. Lasifika a hannu, kaki a jiki. Na kwana uku ina ganin kaina a cikin kakin nan. Na gaji da mutum arba'in masu ƙarnin kifi, waɗanda suka san abin da zan faɗa tun ban buɗe baki ba. Da na gaya wa Kaka, sai ya ce, “Je ka mana. Amma a can wa zai zage ka?” Na yi dariya. Na zaci wasa yake.

Aka sa ranar gwaji a Malam Madori, a farfajiyar wani kamfanin gyada kusa da tasha, bayan la'asar. Bature na kan kujera da lofe a baki. Gefensa wani Kwara, wato Balarabe mai kanti, da akawuna 'yan kudu, da fatake Kanawa, da masinja riƙe da bulala yana korar awaki da mutane.

Na fara da labarin gora da suruki. Shiru. Na kawo na tsuntsaye da shinkafa, wanda a Auyo sai an riƙe tsofaffi kada su faɗi. Malam Sule ya juya shi da Turanci, labarin da nake ɗaukar lokacin dafa shayi ina bayarwa ya zama kalma huɗu. Bature ya ciro lofe, ya leƙa cikinsa, ya mayar. Wani Bakano ya yi hamma har na ga dasashinsa. Gumi ya gangaro mini ta baya har cikin wando.

Malam Sule ya matso ya ce a hankali, “Malam, wannan hirar ƙauyenku ce. Mutumin Jos ina ya san Auyo? Yi abin da ko kurma zai yi dariya. In babu, ka faɗa, akwai wani yana jira.”

To, a nan ne. Zan iya ce muku ban san Kaka yana wurin ba, kuma babu mai ƙaryata ni tunda shaidun duk sun watse. Amma na sani. Ranar kasuwa ce, ya zo a jakinsa da kifin da yake kawo wa kukun kamfanin, yana tsugune a bakin kicin tare da mutum biyu 'yan garinmu. Mun ma haɗa ido.

Na jefa ƙafar hagu. Na nutsar da kafaɗa. Na jawo jiki.

Kwara ne ya fara ƙyalƙyalewa, akawuna suka biyo, sannan Bature ya saki dariya har lofen ya faɗi a cinyarsa. Wallahi na ji daɗi. (Na ce zan faɗi gaskiya, ga ta nan.) Na ƙara gishiri, na sa harshe waje, abin da Kaka bai taɓa yi ba. Sai wani akawu da ya ga shigowar tsohon ya nuna bakin kicin da yatsa yana magana da Turanci. Bature ya ce a kawo tsohon.

Masinja ya jawo shi ta hannun riga. Kaka ya tuɓe takalmi, ya tsuguna da ƙyar saboda ƙugun, ya ce, “Zaki,” yadda ake gaida Bature. Aka ce ya tashi mu jera. Muka ratsa farfajiyar nan sau uku, shi da tasa ƙafar, ni da ta aro, ana tafa mana. Ga hanyar jirgin tana ƙyalli a bayan dalar gyada, ko taku talatin babu.

A karo na uku, don jiki ya saba, na tsaya na sa hannu a kunne na juyo gare shi. Nan ne gurbinsa. Na ga bakinsa ya motsa, na san akwai magana a ciki, mai zafi ma. Ya dubi Bature, ya dubi bulalar masinja, ya dubi ƙasa. Ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.”

Da a nan aka tsaya, da wataƙila na iya gyarawa. Sai Bature, yana share hawaye, ya tambaya me ya sami ƙafar. Malam Sule bai tambayi mai ƙafa ba, ni ya tambaya. Na dubi fuskar nan ja mai murna, na tuna kaki, na ce, “Kada ne ya kama shi a kogi.”

Bature ya ce madalla, a sa kadan a cikin wasan. Ya ba Kaka gwangwanin taba wanda babu komai a ciki. Kaka ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya. Mutanenmu biyu suka taimaka masa ya hau jaki, babu wanda ya waiwaye ni.

Na sami aikin. Rani biyu ina yawo da ƙafar Kaka da kadan ƙarya, dubban mutane suna dariya a garuruwan da ban iya kiran sunansu ba. Ba wanda ya taɓa mayar mini da magana, ka yi, a yi dariya, a haska hoto. Daga baya suka sami wani Bazazzagi da ya iya ɗingishin kuma ya iya kukan zakara, suka karɓe kakin. Har yau, na ji an ce, yana can yana tafiyar mutumin da bai taɓa gani ba.

Na dawo gida. Ranar kasuwar Auyo na hango Kaka, na ce bari in bi bayansa kamar da, ya zage ni son ransa a wuce wurin. Na jefa ƙafa. Ba wanda ya bar kwandonsa. Ya juyo, ya ajiye sandarsa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gabana a cikin ƙurar kasuwa da wannan ƙugun nasa.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe.”

Na ce, “Kaka, don Allah tashi. Ni ne fa, Aji Biyu.”

Ya ce, “An dawo lafiya, ranka ya daɗe?”

Haka ya riƙa gaishe ni har ya rasu da damina ta zagayo. A wurinmu, ranar sadakar bakwai ta tsoho, jikoki sukan sa rigarsa su ɗauki sandarsa su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya a yi kuka. Duk fadamar nan an san wa ya fi iyawa. Na miƙa hannu zan ɗauki sandar, sai 'yarsa, Gwaggo Asabe, ta ɗora nata a kai.

“Bari,” in ji ta. “Kai ai ka riga ka yi naka.”

Aka ba wani jikan, wanda ya jefa ƙafar dama maimakon ta hagu. Mutane suka yi dariya har da hawaye. Ni kaɗai na lura da kuskuren, kuma ba ni da bakin gyarawa.

Yanzu igiyar koma nake tufkawa a inuwar tsamiya, masunta suna saya ba tare da sun zauna ba. Masu tasowa a sana'ar baki kan zo su tambaye ni yadda ake kaiwa Kano. Nakan ce mota na nan, jirgi na nan, hanya ba wuya. Amma kafin ka kwaikwayi mutum, duba ko an bar masa bakin ramawa a wurin. In ba a bar masa ba, ka yi kukan zakara. Zakara ba shi da jika, kuma da shi ma ana samun kaki.