Miyar Fulawa

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Lahadi ba, ko da yake na daɗe ina so in manta. Na yi kurakurai da dama a rayuwata, wasu ma sun fi wannan girma a idon mutane. Amma da za a ce in zaɓi abu guda in warware, to hannuna na dama zan mayar cikin aljihu a wannan rana. Iyakar abin da nake so ke nan.

Lokacin ina buga tafireta a wani ofishin hukuma a Kazaure. Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka fara shigowa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa kansa ya ɗau zafi. Wani ya sayi babur, wani ya sayi rediyo mai kaset. Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga gefen Roni, karatuna bai wuce firamare ba, don haka babban abin da ke damuna shi ne kada a ce ban waye ba. Har kwat na saya ina sawa cikin zafin bazara (har yau idan na tuna sai in ji wuyana yana ƙaiƙayi).

Ana cikin haka aka ce za a tura mutum ɗaya kos a Kano, mu biyu ne kuma masu tafireta. Wanda zai yi zaɓen shi ne shugaban ofishinmu, wani dattijo mai ƙarancin magana da muke kira Alhaji. Na taɓa kai masa takardu gidansa na gwamnati, na ga ƙofar gidan cike da fulawa, furannin ado. Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, wata nas 'yar wajen Jos, ita ma haka ƙofar ɗakinta take, ja da rawaya ko'ina. Sai na haɗa biyun a kaina, na yanke cewa wayewa da fulawa tare suke tafiya. Idan Alhaji ya ga tsakar gidana, zai san wanda ya dace da Kano.

Sista Rifkatu ta ba ni iri a ƙulle cikin takarda. Matsalar ita ce wurin shuka. Wuri ɗaya ne mai laima a gidan, kusa da inda ake wanke-wanke, kuma nan matata Hadiza take da 'yar gonarta ta yakuwa da kuɓewa da lalo da barkono. Farkon damina na ɗauki fartanya na faɗa musu.

Ta fito daga madafi ta tsaya. "Malam, me yakuwar ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Nan gidan ma'aikaci ne, ba bayan gari ba."

"To ma'aikacin da me zai ci tuwo?"

"Akwai kasuwa."

Ta daɗe tana kallon kuɓewar da na tuge. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," irin addu'ar nan da mutum ba ya iya amsawa da amin.

Yanzu bari in faɗi wadda labarin nan yake kanta. Muna da yara biyu a gida, Sale mai rarrafe da yayarsa mai shekara biyar. Sunan mahaifiyata aka sa mata, wadda ta rasu kafin a haife ta, saboda haka ba a kiran sunan, Uwani ake ce mata. Ni kuwa Uwata nake cewa. Kullum idan na dawo daga aiki, kafin in jingine keke, za ta taho da tuwon ƙasa a sakaina, da miya a gwangwanin tumatir. Ganyen miyar daga gonar uwarta take tsinka, ta daka shi da dutse, ta zuba ruwa. Ni kuma in durƙusa da kwat ɗina, in yi bisimilla, in kai hannu kusa da baki ina tauna iska.

"Uwata, wannan miya ai ta fi ta Innarki."

"To ƙara mana, Baba, ba ka ci komai ba," in ji ta, da muryar uwarta sak. Sannan ta kawo ruwa a buta in wanke hannu.

Da fulawata ta tsiro, sai na zama wani mutum. Na sari ƙayar magarya na kewaye wurin. Na kafa doka cewa babu mai zuwa kusa. Akuyar Hadiza na aika da ita Roni. Ranar da Sale ya rarrafa ƙaya ta soke shi, cewa na yi gobe ba zai sake ba. Na huda gwangwani da ƙusa ina yayyafa ruwa safe da yamma, ko da an yi ruwan sama (maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna kallon mai ban ruwa cikin damina). Uwani ta koma yin miyarta da busasshen ganyen darbejiya. Ta taɓa ce mini, "Baba, yanzu babu ganye mai kyau." Na ce ta ajiye tuwon ina zuwa. Sau da yawa ban zo ba.

Wajen ƙarshen damina suka buɗe. Gaskiya sun yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Na sami Alhaji a ofis na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, ina so ka daure ka zo ka ga gidana ran Lahadi."

Ya ɗago kai. "Gidan mai miyar yakuwar nan? Ban manta tuwon da aka kawo mana ranar sunan ɗanka ba. Zan zo."

Kunnena ya ji, amma kaina yana wajen fulawa. Na koma gida na ce wa Hadiza shinkafa za ta dafa da miyar tumatir, a kawo da cokali. Duk makon nan ba ni da magana sai ta babban baƙo. Har Uwani na kira na ce mata, "Ke ma ki yi abin da zai sa a yabe mu, kin ji?" Ta gyaɗa kai da gaske. Ku riƙe wannan, don da bakina na faɗa.

Ran Lahadi bayan azahar na aro kujeru biyu wajen Sista Rifkatu, na jera su suna fuskantar fulawa, na fita bakin hanya jiran motar Alhaji. Na fi awa ɗaya a tsaye cikin kwat. Hadiza tana madafi da Sale a bayanta, hankalinta yana kan shinkafa.

Da ya iso, na wuce da shi zaure, na yi sallama, na shigar da shi har tsakar gida. Ubana bai taɓa shigar da baƙo namiji cikin gida ba, amma ni na yi, tunda fulawa ba za ta fito zaure ba. Ina gaba ina cewa, "Ranka ya daɗe, ɗan abin da muke taɓawa ne idan an tashi aiki," sai maganar ta maƙale.

Kara ne kawai a tsaye. Babu fure ko ɗaya. An janye ƙayar ta gefe guda, daidai faɗin ƙaramin mutum. A gaban kujerun kuwa ga Uwani, ta ɗaura ɗankwalin uwarta, ta jera malmalar tuwon ƙasa a sakaina biyu, da gwangwani uku na miyar furannina, ɗaya ja, ɗaya rawaya, ɗaya gauraye. Ta durƙusa har ƙasa yadda aka koya mata.

"Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Ga abinci." Ta tura masa gwangwani ɗaya. "Jan ne na baƙo, ya fi kyau."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Haka na daɗe ina faɗa wa kaina, amma ƙarya ne, na sani. Na mare ta. Ɗankwalin ya faɗi, gwangwanin ya kife. Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta riƙe kumatu tana kallona kamar tana neman inda ta san ni.

Alhaji bai dube ni ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a kan ƙasa, ya ɗaga gwangwanin yana mayar da abin da ya zube da yatsa.

"Yarinya, yaya sunanki?"

Daga bayan asabarin madafi Hadiza ta ce, "Uwani ce, ranka ya daɗe."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Sunan mahaifiyarka ke nan?"

"E, ranka ya daɗe."

"Allah ya jiƙanta."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwon ƙasa, ya dangwali miya, ya kai kusa da baki yana taunawa a hankali kamar mai tunani. Ya ce tun da yake cin abinci a gidajen mutane ba a taɓa yi masa miya kala uku ba. Ya nemi ƙari. Sannan ya kama hannuwanta ya juya su, sai ga su duk ƙaya ta yayyage. Ni ban ma lura ba. Ya ce, "Mai girki ta ji ciwo wajen aiki, a sa mata magani." Ni ina tsaye cikin kwat, gumi yana bin bayana, ban san inda zan ajiye hannun nan ba.

Shinkafar cokali uku ya ci don kada a ce bai ci ba. Da na raka shi mota sai ya ce, "Fulawar da ka gani a gidana, Baturen da ya tashi ne ya bar ta, leburan gwamnati ke kula da ita. Ni da za a bar ni, kuɓewa zan shuka. Tuwo na zo ci, Malam." Ya buɗe ƙofa, ya ƙara da cewa, "Ka koma ka ba ta haƙuri."

Sista Rifkatu ce ta wanke wa Uwani hannu ta shafa mata magani. Da ta gama ta dubi karan fulawar ta ce, "Ai da ka tambaye ni, Baban Uwani. Wannan irin sai ana tsinke ta take ƙara fure." Haka kuwa aka yi. Bayan mako biyu suka fito ninki biyu, ni kuma ban iya kallon wajen ba.

Kos ɗin abokin aikina aka tura. Gidansa ko ciyawa babu, amma ya fi ni saurin bugu, kuma ba ya ɓata takarda. Wannan bai daɗe yana yi mini ciwo ba.

Abin da ya daɗe shi ne kuskurena na biyu. Ban ba ta haƙuri ba. Na ga kamar bai dace uba ya rusuna wa 'yar shekara biyar ba. Sai na sayi alewa na ba Hadiza ta ba ta, na ce a raina yaro ba ya riƙo. Na kwashe ƙayar, na dawo da akuya, da damina ta zagayo da hannuna na shuka yakuwa. Uwani ta ci gaba da girkinta. Tana ba Sale, tana ba uwarta, tana kai wa Sista Rifkatu, har kaji tana zuba wa. Ni kuwa in dawo daga aiki, in jingine keke, in yi ta gyaran murya. Wata rana na daure na tsuguna kusa da ita na ce, "Uwata, yau babu tuwo ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ya ƙare."

Tuwon ƙasa, a tsakar gida cike da ƙasa, wai ya ƙare. Bai kuma sake samuwa ba har ta girma ta daina wasan.

Kada ku ɗauka mun ɓata. Ta yi mini biyayya, ta yi karatu, ta koyar a firamare a Babura har ta yi ritaya, yanzu da jikokinta. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ni na san akwai abin da ta ɗauke ta ajiye a wannan la'asar. Sai bayan rasuwar Hadiza, wata rana ta zo duba ni muna zaune a tsakar gidan nan, na ce, "Uwata, akwai wata rana da na mare ki a gaban baƙo saboda fulawa. Ki yafe mini."

Ta yi dariya. "Haba Baba, wane zamani ke nan? Ni ban ma tuna ba."

Ta gyara mayafinta tana kallon wajen wanke-wanke. Can ta ce, a hankali, "Jan ne na baƙo, ko?"

Na ce, "Jan ne."

Ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe. Sai dai haƙurin da za a bayar cikin minti ɗaya, na bar shi ya kwana fiye da shekara arba'in.

Yanzu jikarta ce take kawo mini tuwon ƙasa idan sun zo hutu. Gwiwoyina ba sa lanƙwasuwa, amma sai na durƙusa (mutum biyu ke ɗaga ni daga baya, kuma sau ɗaya na manta na kai loma har baki). Roƙona ga mai karanta wannan kaɗan ne. Shuka fulawarka idan kana so, abu ne mai kyau, amma kada ka kewaye ta da ƙaya a gidan da yara suke. Idan ƙaramin mutum ya miƙo maka gwangwani, ko me ka tarar a ciki, durƙusa ka yi bisimilla. Idan kuma hannunka ya riga ka, to kada ka aika da alewa. Ka je da bakinka, a ranar, tun tuwon bai ƙare ba.