Labarin da Na Rubuta a Wuyan Saniya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikan Jauro Bello a Gwaram, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba. Bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo a Birnin Kudu har na iya haɗa baƙi da wasali, daga nan noma ya ja ni. Amma Allah ya ba ni baki. In na zauna gindin tsamiya ina shirya ƙarya, har masu tallar fura sai sun sauke ƙwarya. Wata rana zuciya ta ce mini, "Kai, wannan hikima taka in ka mutu ina za ta?" Sai na ƙudura zan rubuta labari da ajami, na wani wanzami da ya yi wa aljani aski, duk gashin da ya aske ya riƙa tsirowa a gemun shi wanzamin.

Na fara zuwa wurin Malam Isa, mai kwafar littattafai a unguwarmu, na ce ya rubuta mini da hannun nan nasa mai kyau. Ya saurara har wurin da aljani ya tuɓe hula, sannan ya ce, "Alƙalamin da nake rubuta fiƙihu da shi ba ya aski." Ya juya mini baya.

To, na ce ni ma ai yatsu biyar gare ni. Na sayar da ragona, na ba fatake sautun takarda daga Kano (matata Hansai ta yi kwana da kwanaki ba ta gaishe ni sai ta tambayi lafiyar ragon). Na dafa tawada da kaina, na zuba ƙaro ya yi yawa, ƙudaje suka riƙa bin rubutuna kamar alewa. Na feƙe alƙalami, na duƙufa duk rani. Rubutun ya fito kamar kaji sun yi dambe a kan takarda, amma ya fito. Takardar ba ta isa in yi kwafi biyu ba, don haka littafi ɗaya tal gare ni a duniya, falle-falle cikin gafaka.

Ranar kasuwar Gwaram na ari rawanin ƙanen Hansai, na hau jaki, na je na shimfiɗa buzu kusa da masu sai da kanwa. Na baje takardu, na haɗe fuska. A ganina mai littafi ba ya shela kamar mai tallar gishiri, sai dai a zo a same shi.

Aka kuwa zo. Lokacin ana zaman ɗar-ɗar saboda mahara, kowa na neman tsari, ni ban kawo wannan a raina ba. Mutum zai durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka mini da falle ɗaya." In zaro in miƙa, ya ajiye kuɗin wuri a gefen buzu, ya karɓa da hannu biyu har yana sunkuyar da kai. Na ce a zuciyata, ka ji masu sanin darajar wanzami. Da na ga falle ɗaiɗai suke saye, sai na ce dabara ce, in sun ji daɗin wannan za su dawo neman na gaba. Kafin la'asar gafaka ta zama wayam. Farkon labarina ya tafi Wurno, wani yanki ya nufi Fagam, saura kuwa Allah kaɗai ya sani.

Na koma gida ina tafiya kamar alƙali. Na ce wa Hansai daga yau ta rage kirana da "kai".

Bayan damina sai ga saƙo, Jauro Bello mai shanu yana gayyatata sunan jikansa. Da na isa aka shimfiɗa mini tabarma kusa da liman, aka ajiye mini ƙwaryar kindirmo ni kaɗai. Jauro ya miƙe gaban jama'a ya nuna ni.

"Jama'a, ga malamin da nake ba ku labari. Tun da na karɓi takardarsa ban ga abin da ya kai ta ba."

Kaina ya kumbura har rawanin aro ya matse ni. Na gyara murya na ce, "Madalla. To, ina ne ya fi yi maka daɗi? Wurin da aljani ya tuɓe hula?"

"Wane aljani, Malam?"

"Na cikin takardar mana."

Jauro ya ja da baya. "Akwai aljani a ciki? A wuyan saniyata?"

Ya aika aka jawo wata farar saniya. Ga abu nan an ɗinke da jar fata, yana reto a wuyanta. Laya. Ya ce tun da ya rataya mata ba ta ƙara ɓari ba, ga maraƙinta can yana tsalle.

Yanzu mai hankali shiru zai yi, ya shanye kindirmonsa, ya koma gida da sunan babban malami. Liman ma ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu. Amma ni ragona nake tunawa, da ranin da na ƙare a duƙe, a ce saniya ce kaɗai ke yawo da wanzamina, ita ma ba ta buɗe ba!

"Wannan ba laya ba ce," na ce da ƙarfi. "Labari ne! A ba ni aska!"

Wanzamin da ya zo askin jariri ya miƙo tasa. Na farke ɗinkin, na warware takardar, na tsaya tsakiyar taro na fara karantawa, ina tuntuɓe a kan rubutun hannuna. Jauro ya riƙe baki. Liman ya rufe fuska da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Amma wallahi jama'a suka yi tsit. Na kai wurin da gemun wanzami ya kai ƙasa, ya naɗe ƙafar sarkin kasuwa, aljani ya buɗe baki zai yi magana, sai fallen ya ƙare.

"Sai ya ce me?" in ji wani daga baya.

"Eh, Malam, sai ya ce me?"

Wallahi na manta. Abin da na rubuta tun rani, ba kwafi, ga idanu sun yi mini caa.

"Wa ya sayi fallen da ke bin wannan?" na tambaya. "Don Allah a taimaka."

Jauro ya ce ai shi biyu ya saya a jere ranar, ɗayan ya kai wa mahaifiyarsa. Aka kira Goggo Dije daga cikin gida, wata tsohuwa mai dogara sanda, hannunta duk ƙullun fura.

Na durƙusa. "Goggo, ina takardar nan?"

"Ta ciwon gwiwa? Ai na wanke ta a ƙwarya na shanye tun watan azumi."

Taro ya ɓarke. Har wanzami sai da ya zauna a ƙasa. Ni kuwa, maimakon in nemi takalmana, sai na ɗora hannu a ka na ce, "Goggo, kin shanye maganar aljani! Kin hana mutanen nan jin wuri mafi daɗi a duk littafin!"

Ta dube ni daga rawani har ƙafa.

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan, ba su yi asarar komai ba. Ni da na sha shi na sani. Ɗaci gare shi, kuma ko wuni bai yi a cikina ba."