Ranar da Na Kai Tumatir Hutu Yankari

Ba zan taɓa mantawa da wani hutun shekara da na ɗauka a tsakiyar shekarun tamanin ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina malamin gona a Kadawa, cikin aikin noman rani na yankin Kura da Bunkure. Tuzuru ne ni, baƙo kuma, daga nesa aka turo ni aka ba ni ɗaki ɗaya a gidajen ma'aikata. Kayan ɗakin duka gado ne da risho da rediyo. In na dawo daga gona rediyon ke yi mini sannu da zuwa, har na kai ga ina mayar wa mai karanta labarai magana in ya faɗi abin da ban yarda da shi ba.

Akwai wata majalisar manoma da ke zama bayan la'asar a gindin darbejiya, bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan da ke zuwa mana daga madatsar ruwa ta Tiga. Ni ma nakan je in ɗosana a bakin tabarma. Suna girmama ni ƙwarai. "Malamin gona, barka da yamma," sai a tambaye ni maganin tsutsa ko ranar zuwan taki, in ba da amsa, daga nan hira ta koma kan bikin wane da gonar gadon wane, abubuwan da ban san kansu ba. Nakan yi dariya in na ga ana yi. A raina dai na ɗauka abokaina ne. (Yanzu da na manyanta na gane cewa in da taki zai iya magana da kansa, da ba lallai a matsa mini wuri a tabarmar ba.)

To, a ofishinmu akwai wata kalanda mai hoton ruwan Wikki na dajin Yankari, can ƙasar Bauci. Ruwa ne garau, kana hango yashin ƙasansa, kuma an ce daga ƙarƙashin dutse yake fitowa da ɗuminsa, rani da damina, ba wuta ba itace. Ni da kullum nake kallon ruwan kanal mai kalar koko, hoton nan ya shiga raina. Da hutuna ya zo a watan Fabrairu sai na ƙudura zuwa, kuma na ce ba motar haya zan shiga a matse ni da akuya ba. Shatar mota zan yi sukutum, in kwashi abokaina biyar na majalisa, mu je mu kwana biyu, mu dawo da labarin da ni ma zan riƙa tsoma baki a cikinsa. Gaskiyar magana ke nan. Ba ruwan nake nema ba kamar yadda nake neman ranar da za a ce, "Malam, ka tuna ranar da muka je...?"

Na je tashar Kura na sami wani tsohon direba, Baba Ilu, mai doguwar fijo mai layin kujeru uku, wadda aka ce fara ce a zamanin ƙuruciyarta. Muka tsayar da rana. Sannan na zo majalisa na faɗi shirina ina washe baki. Alhaji Sale, babbansu, ya ce, "To madalla, Allah ya kai mu." Malam Ya'u ya ce, "Ai tafiya ta yi kyau, Allah ya nuna mana." Sauran ukun suka ce amin.

Kowane Bahaushe ya san wannan ba alkawari ba ne, hanya ce ta sallamar mutum ba tare da an kunyata shi ba. Ni ma na sani. Amma ranar kunnena abin da yake so ya ji shi ya ji. Abin da ya fi wannan muni shi ne, Fabrairu tsakiyar ɗiban tumatir ne. Manyan motocin Kudu sun jeru a bakin titi suna jira, tumatir kuwa in ya nuna ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ko ta kwana ɗaya. Kuma wa ya rubuta wa mutanen nan ranar dashe? Ni, da hannuna, da jan biro.

Na sayi sababbin tabarmi biyu. Matar maƙwabcina ta yi mana dambun shinkafa da soyayyun zabi, kwano uku manya. Ranar tafiya da sassafe matan gidajen ma'aikata suka leƙo suna yi mini Allah ya kiyaye hanya, ni kuwa na shiga mota ina ɗaga hannu kamar mai tafiya Makka.

A gindin darbejiya ba mu sami kowa ba. Muka jira har rana ta ɗaga. Na ce wa Baba Ilu wataƙila sun ɗan leƙa gona ne, mu bi su can. Muka tarar da Alhaji Sale a tsakiyar masu ɗiba, ya naɗe hannun riga, yana ciniki da dillali.

"Au, Malam, yau ne?" in ji shi. "Kash. Ka dai ga halin da ake ciki." Bai ma jira amsata ba ya juya ya ce wa ma'aikatansa, "Ku sa wa Malam kwando ɗaya a mota, ya yi tsaraba."

Malam Ya'u, da gonarsa ke maƙwabtaka, ya ga abin da Alhaji ya yi, shi ma ya ba da haƙuri ya sa kwando. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi ina da kwandon tumatir huɗu da rabin buhun albasa, ba ni da mutum ko ɗaya. Da yake abinci da tabarmi sun cika baya, a kan kujeru aka ɗora su. Albasa ta samu gidan gaba, ni kuma ina layin tsakiya, kwando a dama kwando a hagu.

Baba Ilu ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, komawa za mu yi ko wucewa?"

Komawa na nufin in sauka a gaban matan da suka yi mini addu'a ɗazu, da kwanonin dambu ko buɗe su ba a yi ba. Na ce, "Mu wuce, Baba. Za su biyo mu a wata motar."

Ya ce, "To." Ya tayar da mota.

Muka bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi. Duk ramin da muka faɗa sai kwando ya jingino da kafaɗata. Ban ce wa Baba Ilu uffan ba, wai ni mai shata ne, kada raini ya shiga. Na saba da kaɗaici a ɗakina, amma na cikin motar nan ya fi ciwo, don a ɗaki babu kujerar da na tanada wa wani ya ƙi zuwa.

Bayan azahar muka isa. Baba Ilu ya rufe gilasai tsaf, ya miƙo mini mukulli don in kwashi kayana, ya ce, "Malam, kada ka bar ko kafa a buɗe. Biran wurin nan ba su da kunya." Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Na ga biran kuwa, irin manyan nan da ake kira gwaggon biri, suna zaune can gefe kamar ba ruwansu. Amma da na taɓa jikin motar na ji zafi, sai malamin gonan da ke cikina ya farka. Tumatir a rufaffiyar mota cikin wannan rana? Ai kafin la'asar ya zama miya. Na sauke gilasai huɗu rabi-rabi don ya sha iska, na yaba wa kaina da sanin aiki, na kama matakalar da ke gangarawa zuwa ruwan.

Ruwan ya fi na kalanda kyau. Na zo da soso da sabulu kamar yadda muke wanka a kanal, amma da na ga ba wanda ya riƙe irinsu sai na tura su ƙarƙashin tabarma. Abin da na fi lura da shi shi ne kowa da nasa. Ga Turawa biyu-biyu, ga 'yan makaranta da malamansu, ga masu iyali. Ban san lokacin da na shimfiɗa tabarmin nan duka biyu ba, na jera kwanoni, na fito da cokula shida na ajiye kowanne a mazauninsa.

Kusa da ni akwai wani mutumin kirki daga Kaduna da iyalinsa, ya ce sunansa Alhaji Garba. Muka gaisa, ya ce, "Malam, kai kaɗai ne? Matso mana mu zauna tare."

Ka ji fa. Abin da na yi tafiyar yini guda ina nema, ga shi an miƙo mini kyauta. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a Alhaji, mu shida ne. Gajiya ce ta kwashe sauran, suna barci a mota." Da na ga ya gyaɗa kai sai na ƙara gishiri, na ce babbanmu dattijo ne mai ciwon ƙafa, matakalar nan sai a hankali. (Allah ya yafe mini, Alhaji Sale ƙafarsa ta fi tawa lafiya.)

Na tuɓe na bar gajeren wando na shiga ruwan. Ɗuminsa daidai jikin mutum, ba ya ƙuna, ba ya sanyi. Na kwanta rigingine ina kallon ganyen bishiyoyi, duk gajiyar hanya ta sake ni. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma nan take na ji hawaye, don na waiga in ce wa wani "ka ji kuwa?" babu wanda zan ce wa.

Ina cikin haka sai wani ma'aikacin wurin ya leƙo daga saman matakala yana kira, "Wa ke da farar fijo? Birai sun shiga ciki!"

Kafin in fito daga ruwa Alhaji Garba ya miƙe. "Akwai mutum biyar suna barci a motar nan," ya ce da ƙarfi, "har da dattijo mara ƙafa." Nan da nan wuri ya hargitse. Maza suka rarumi sanduna, malaman makaranta suka bi, har wani Bature da tawul a wuya. Matakalar tana da tsawo, ina da lokacin da zan ce, jama'a ku dakata, ƙarya na yi. Ban ce ba. Na bi bayansu a guje, ruwa na ɗiga daga wandona, ina taya su nuna damuwa.

Abin da muka tarar sai wanda ya gani. Birai sun cika motar, wani ƙato yana zaune a kujerar gaba ya rungume buhun albasa, sauran suna dambe a kan kwanduna. Jan ruwa kamar jini yana tsiyaya ta ƙasan ƙofa, gilasai duk sun yi ja. Wata mata ta gani ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Ma'aikata suka kore biran da ƙyar, aka karɓi mukulli daga aljihun rigata da wani ya ɗauko, Alhaji Garba ya buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana kiran "Baba, Baba, kuna lafiya?" Har ƙarƙashin kujera bawan Allahn nan ya leƙa.

Ya ɗago, hannunsa duk 'ya'yan tumatir, ya ce, "Malam, ina mutanen?"

Daidai nan Baba Ilu ya iso da butarsa. Alhaji ya ce, "Direba, ku nawa kuka zo?"

Baba Ilu ya dubi motarsa, ya dube ni tsaye ba riga ina rawar sanyi a tsakiyar rana. Ya ce, "Mu biyu ne, ranka ya daɗe. Sai kaya."

Na jira dariya. Da an yi ta da na samu sauƙi. Amma sai na ji matar Alhaji ta ce a hankali, "Alhaji, ƙyale shi haka. Taho mu tafi." Mutane suka watse suna kau da kai, kamar yadda ake yi wa wanda zaninsa ya faɗi a kasuwa. Wannan tausayin shi ne har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.

Muka ari bokiti muka wanke mota, ni da Baba Ilu. Bai ce ai na gaya maka ba. Sai da muka kusa gamawa ya matse tsumma ya ce, "Malam, wai da gaske ruwan nan ɗumi gare shi?"

Na ce, "Baba, ba ka taɓa shiga ba? Na ji ka san wurin."

Ya ce, "Na sha kawo mutane. A mota nake jira. Ba wanda ya taɓa cewa in sauko."

Kunya ta biyu ta kama ni, kuma ta fi ta farko nauyi. Cokula shida na jera a ƙasa, biyar na waɗanda ko tunawa da ranar ba su yi ba, ɗaya nawa. Mutumin da ya yini yana tuƙa ni, ya ji ƙaryata tun daga Kura bai tona ba sai da aka tsare shi, ban lissafa da shi ba.

Na ce, "Baba, taso mu je."

Mun tarar Alhaji Garba da iyalinsa sun tattara sun tafi, amma an rufe mini kwanonina an ɗora wa kowanne dutse a kai. Baba Ilu ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa, sannan har ƙugu. Can ya ce, "Ikon Allah." Muka fito muka ci dambu da zabi har muka kasa tashi. A nan na ji cewa matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, shi ma rediyo gare shi.

Da na koma majalisa bayan kwana biyu, Alhaji Sale ya ce, "Malam, har ka dawo? Tumatir ya isa lafiya?"

Na ce, "Ya isa, Alhaji. Mutanen can sun ci sun ji daɗi ƙwarai."

Ya ce madalla, sannan ya tambaye ni maganin tsutsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka gayyaci manomin tumatir ko'ina a watan Fabrairu, ko da Aljanna ce sai ya ce a bari a gama ɗiba. Kuma in aka tambaye ka ko kai kaɗai ne, ka ce e. Kaɗaici yana da ciwo, amma shi a ɓoye yake cin mutum. Ƙarya ce ta tara mini jama'a da sanduna suka zo suka gani.