Yadda Za Ka Ƙone Lambun Surukinka da Takin Gida, Ka Kuma Sha Albarka

Jarka ta riga ta fashe. Murfinta na kan rufin maƙwabta, ruwan kashin kaji na gangarowa a bango, tumatir layi shida duk sun langaɓe. Gobe da hantsi surukinka zai dawo daga tafiya, kuma kai ya danƙa wa wannan lambu da yake ji da shi fiye da 'yar da ya ba ka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari har albarka sai ya sa maka.

1. Kada ka amsa laifi, ko a zuci

Bidiyon da ka gani a waya minti uku ne, ka kalli ɗaya. An ce a bar kashin kaji ya ruɓe wata biyu, kai ka zuba shi ɗanye a gindin shuka, don ba ka son ɓata lokaci. Ragowar ka cusa a jarka da toka da ɓawon ayaba, ka ɗaure murfi tam, ka ajiye a rana. Wannan ba wauta ba ce. Bincike ne.

2. Sallami maƙwabciya

Za ta leƙo ta katanga, hanci a toshe, shanyarta a kafaɗa.

"Malam, mushe kuka binne ne?"

Ka ce, "Haba baiwar Allah, ai wari shi ne shaidar taki mai kyau." Kada ka kalli farar rigar mijinta. Ta daina zama fara.

3. Saye bakin matarka

Za ta riƙe ƙugu ta ce, "Sau nawa na ce ka huda murfin nan? Shekara goma Baba yana adana irin tumatirin nan. Ni ban ga komai ba, amma in ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Ba ta gaskiyarta nan take, ai ba kuɗi za ka cire ba. Sannan ka ari koren zare.

4. Nufi kasuwa

Sayi manyan dashe, da kwandon tumatir masu sauran kara a kai. Tuge gawarwakin, dasa sababbi, ɗaure 'ya'yan da zare. Biyar a kowane tushe sun isa. Na san halinka, goma sha biyu za ka ɗaura. Mai dashen kuma zai cakuɗa maka tattasai a ciki, kai ko ba ka san ganyensa ba. Shi ma ɗaura masa. Rabo ai ba ya zaɓen tushe.

5. Tarbi suruki

Karɓi jakarsa, karɓi tabaransa ka ce za ka goge, kada ka mayar. A bakin lambu ka tare shi.

"Baba, a tsaya daga nan, takin da ƙarfi."

Zai ƙanƙance ido ya hango ja ko'ina. "Ikon Allah! A mako uku? Yaro, ashe 'yata ba ta yi zaɓen tumun dare ba. Allah ya yi maka albarka!"

Ka ga na cika alkawari. Idan ya ciro waya yana ba wani labari, sunkuyar da kai kamar mai kunya.

6. Babu mataki na shida

Wannan sallamar da ka ji a ƙofa, malamin gonan da surukinka ya kira a waya ne, da takalmin roba da littafi da ɗan shebur. Kallo ɗaya ya yi wa lambun.

"Ina gwanin da ya sa tattasai ya haifi tumatir? Tushe ɗaya kawai zan tona in tafi da shi."

Surukinka ya gano tabaransa a aljihunka, matarka ta jawo kujera.

A kula: albarka na yi maka alkawari, ban ce za ta kwana ba. Ni da jarka da zare ba mu taɓa haɗuwa ba, kai ma ban san ka ba.