Gyaran Kwale-kwale da Icen da Ya Ƙi Ruwa

Ka gaji kwale-kwale mai ɓaraka, ga maigari ya ce duk wanda ya ƙetare da shi gulbi bana shi ne Sarkin Ruwa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai an kira ka da sunan. Sodangi na Tozai ya bi su, yana nan da ransa.

1. Kada ka saurari masassaƙi.
Tsoho Is'haƙa masassaƙi ya ce wa Sodangi, "Madaci, ɗana. In babu, ƙirya." Mutumin da ya shekara arba'in yana maimaita magana ɗaya ai tunaninsa ya ƙare. Yi masa godiya ka wuce.

2. Watsar da abokan ruwa.
Madaci a bakin rafi yake girma. Ranar da suka haɗu da gulbi, ƙofa zai buɗe masa.

3. Nemi mai gaba da ruwa.
Gawo ke nan. Damina na sauka ya zubar da ganye, sai rani ya yi kore shar. Sodangi ya ji daɗin wannan basira har ya kasa cin tuwo. Ya ce wa matarsa Larai, "Iccen da yaƙ ƙi ruwan sama, ƙaƙa za shi yarda da na gulbi?"

Ta ce, "Malam, ganye ɗai yaka zubarwa, ba rantsuwa yay yi ba."

Kada ka tanka.

4. Buga ƙusa.
In ta shige kamar cikin tuwo, ladabi ne irin na icen kirki. Lafta kwalta a kai.

5. Ɗauki maigari.
A tsakiyar gulbi maigari ya tattare babbar riga. "Sodangi, mi nika ji ga ƙahwahuna?"

"Ranka shi daɗe, gaisuwa ɗai ruwan yaz zo yi."

Gaisuwar ta kai wuya. Usaini, abokin takarar Sodangi, ya tsamo su da jirginsa na madaci, kuma shi aka naɗa wa rawani. Sodangi ya yi baƙin ciki ƙwarai. Amma yau daga Tozai har kasuwar Isa, Sarkin Ruwa ake kiransa, don ba wanda ya taɓa shan yawan wanda ya sha.

Gargaɗi: Suna na yi alkawari, ban ce rawani ba. In ka jiƙa maigarinku, ni ba ruwana. Ruwan na Sodangi ne, ya kuwa shanye abinsa.