Garin Shinkafa a Ƙofar Ustaz

Ba zan taɓa mantawa da wannan safiya ba, ko da na so. Lokacin ina saurayi a unguwar Balad ta Jidda, ina dako a tashar jiragen ruwa, ba mu daɗe da barin Sudan ba. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Ba'indiye, muna ce masa Ustaz. Rayuwarsa kaf a nazarin zane-zanen ƙasarsu da falsafarta ya ƙarar da ita. Ɗakinsa littattafai har rufi, hannunsa na rawa ko kofin shayi ya ɗauka. Ba shi da kowa a Jidda, sai na naɗa kaina mai kula da shi (ba wanda ya roƙe ni fa).

Ran nan da hantsi na tarar da wani zane da aka yi da farin gari a ƙasa a bakin ƙofarsa, ɗige-ɗige da layuka sun sarƙe da juna. A gidanmu, farin gari a bakin ƙofa sunansa ɗaya, sammu. Na ce wallahi ba za a nakasa bawan Allah ina raye ba. Na ɗebo ruwa a bokiti, na zuba gishiri, na sheƙa, na bi da tsintsiya ina karanta Falaƙi da Nasi. Halas, shi ke nan, ko ɗigo ban bari ba. Sannan na ƙwanƙwasa, ina hura hanci, na yi masa albishir cewa na karya asirin maƙiyansa.

Ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar.

"Ɗana, ni na zana," in ji shi.

Ashe a irin wannan ranar ce mahaifiyarsa ta rasu, shekaru da yawa da suka wuce. A ƙauyensu kullum da safe takan yi wannan zane da garin shinkafa, don baƙo ya ga maraba, tururuwa kuma su samu abinci. Sau ɗaya a shekara yake yi mata, tun asuba yake durƙushe da hannun nan nasa.

Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗata.

"Dama don ya goge ake yin sa. Sai dai ba ka bari tururuwa sun karya ba."

Da shekara ta zagayo bai zana ba, hannun ya ƙi. Wanda na wanke shi ne na ƙarshe, kuma har yau abin na ci mini rai. Tun daga ranar, kafin in ɗauki bokitin ceton wani, sai na fara ƙwanƙwasa ƙofa.